Ƙidayar kifin da ke cikin ruwa: me binciken teku ke nufi ga masuntan Haɗeja da Tiga?

Duk wanda ya shiga layin 'yan kifi a kasuwar Wudil ko ta Haɗeja zai tarar da kifi iri biyu da ba su taɓa shan ruwa ɗaya ba. Ga tarwaɗa da karfasa da ƙurungu, ɗanye da banda, waɗanda aka kamo a kogi ko a dam ko a fadama. Can gefe kuma ga kifin ƙanƙara a kwali, titus da shawa da kote, wanda ya keto teku a jirgi, ya sauka a Legas, sannan ya hau motar sanyi zuwa Arewa. Dukansu sun yi tsada, kuma amsar masu sayarwa ɗaya ce: kifin ne ya yi wuya.

A shekarar 2025 an samu labarai uku a jere da suka shafi wannan magana. A watan Yuni, Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ta ce kashi 35.5 cikin ɗari na garkunan kifin teku da ta auna ana kama su fiye da kima. Ranar 15 ga Satumba, yarjejeniyar Ƙungiyar Ciniki ta Duniya kan tallafin da gwamnatoci ke bai wa masu kamun kifi ta fara aiki. A ƙarshen watan kuma masanan da ke auna kifin arewacin Tekun Atlantika suka ba da shawarar a zaftare kamun titus na 2026 da kusan kashi 70. Kafin nan, tun watan Agustan 2023, Najeriya ta kafa sabuwar ma'aikatar harkokin teku, daga baya aka ɗauke sashen kifi daga ma'aikatar gona aka mayar da shi can. Masunci a Guri ko Auyo yana da hujjar tambaya: mu da ba mu da ko taku ɗaya na gaɓar teku, ina ruwanmu? Kuma idan waɗannan dokoki suka iso fadama, za su dace da ita?

## Kalmomin da ake ta maimaitawa

Kalma ta farko ita ce garke. Masana ba sa lissafin kifin duniya a dunƙule. Suna ɗaukar kifi iri ɗaya da ke zaune a yanki ɗaya, yana hayayyafa a tsakaninsa, a matsayin garke guda, kamar yadda makiyayi ke kallon shanunsa. Makiyayi ya san idan shanu ɗari suka haifi maruƙa talatin, zai iya sayar da wasu a shekara ba tare da garken ya ragu ba. Wannan adadi, wato mafi yawan abin da za a iya cira duk shekara garken kuma ya ci gaba da mayar da gurbinsa, shi ne ginshiƙin abin da ake kira kamun kifi mai ɗorewa. Bambancin kawai, makiyayi yana ganin shanunsa, kuma nasa ne shi kaɗai. Kifi ba a ganinsa, kuma na duk wanda ya riga jefa raga ne.

Wuce kima iri biyu ne, kuma ana yawan cakuɗa su. Akwai kama kifi tun yana ƙarami, kafin ya yi nauyin da zai yi kuɗi. Wannan asara ce ta aljihu, amma garken na iya jurewa. Akwai kuma kwashe iyayen da ke saka ƙwai har waɗanda suka rage su kasa cike gurbi. Wannan shi ke kashe ruwa.

Sai ma'aunin da ya fi kowanne sauƙi, wanda kowane masunci ya sani ko da bai sa masa suna ba: kamu gwargwadon wahala. Kilo nawa raga ɗaya ke kawowa a dare ɗaya? Idan bana sai an shimfiɗa raga uku kafin a samu abin da ɗaya ke kawowa shekaru goma da suka wuce, to kifin ya ragu, ko da kasuwa na cike, domin yawan masu kamawa ne ya cika ta.

## Yadda ake ƙirga abin da ba a gani

A teku, ƙidaya takan fara ne daga bakin gaɓa. Ma'aikata na rubuta abin da kowane jirgi ya sauke, su auna tsawon kifin, su tsaga cikinsa su ga ko ya kai munzalin ƙwai. A cikin kan kifi akwai wani ɗan ƙashi na kunne mai zobe-zobe kamar na kututturen itace, da shi ake gane shekarunsa. Idan aka ga tsofaffi sun ɓace daga kamu, sai matasa zalla, alama ce cewa ana cin garken da sauri.

Daga nan sai jiragen bincike, waɗanda ba don ciniki suke kamu ba. Suna bin layi ɗaya duk shekara da raga iri ɗaya, suna kuma aika sauti cikin ruwa su saurari amsa-kuwwarsa daga jikin kifi, da haka suke ƙiyasta nauyin garke. Jirgin Norwe mai suna Dr. Fridtjof Nansen, da waɗanda suka gaje shi da wannan suna, yana irin wannan aiki tare da FAO a tekunan ƙasashe masu tasowa tun 1975. A shekarar ce kuma Najeriya ta kafa cibiyarta ta binciken teku, NIOMR, a Legas.

Ruwan da kansa ma ana auna shi. Akwai na'urori kusan 4,000 na shirin Argo da ke yawo a tekunan duniya, kowace na nutsewa har mita 2,000 ta taso duk kwana goma ta aika da ma'aunin zafi da gishirin ruwa. Tauraron ɗan'adam na gane launin teku, wanda ke nuna yawan ƙananan tsirran da abincin kifi ke farawa daga gare su. Manyan jirage na ɗauke da na'urar da ke sanar da inda suke, kuma tun 2016 shafin Global Fishing Watch yake baje wannan bayani a intanet ga kowa, duk da cewa ɓarawon jirgi na iya kashe tasa na'urar. Sabuwar dabara kuma ita ce a ɗebo ruwa a kwalba, a binciki ɓurɓushin ƙwayoyin halittar da kifi ke zubarwa, a gane irin kifayen da ke wurin ba tare da an kama ko ɗaya ba.

Duk da haka lissafi na iya yaudara, kuma misalin da aka fi koyarwa shi ne na Kanada. A gaɓar Newfoundland an shafe ɗaruruwan shekaru ana kamun wani farin kifi dangin wanda ake busarwa a kawo mana a matsayin okporoko. A shekarun 1980 manyan jirage sun ci gaba da cika, sai aka ɗauka garken lafiya yake. Ashe ragowar kifin ne ke taruwa wuri ɗaya, jiragen kuma na da na'urar gano shi. Ƙananan masunta na bakin gaɓa sun yi ta kukan kifi ya ragu ya kuma ƙanƙance, ba a ɗauki maganarsu da nauyi ba. A 1992 gwamnati ta rufe kamun, mutane sama da 30,000 suka rasa sana'a, kuma sai a 2024 aka sake buɗe kamun kasuwanci, shi ma kaɗan. Wanda ya san yadda kifi ke cunkusuwa a gurbi ɗaya idan fadama ta janye da rani zai gane wannan tarko: cikar koma a ranar ba shaida ba ce cewa kifi ya yi yawa a shekarar.

Ko alƙaluman FAO sun nuna yadda ƙidaya ke sauyawa da ma'auni. Rahotonta na 2024 ya ce kashi 37.7 ne suka wuce kima, na 2025 ya ce 35.5. Ba wai teku ta farfaɗo cikin shekara guda ba ne, an faɗaɗa lissafin ne ya haɗa garkuna 2,570. Abin da bai sauya ba shi ne alkibla, domin a 1974 kashi 10 ne kacal.

## Titus ɗin da ke tukunyarmu

Jami'an gwamnatin tarayya sukan ce Najeriya na buƙatar kifi tan miliyan 3.6 a shekara, tana samar da wajen kashi ɗaya cikin uku kawai. Wani ɓangare na giɓin ana cike shi da kifin ƙanƙara daga waje, sauran kuwa haƙuri ake yi. Ta nan teku ke shigowa ƙauyen da bai taɓa ganinta ba.

Titus na arewa maso gabashin Atlantika garke ne da ƙasashe da dama ke ci: Norwe, Birtaniya, Tarayyar Turai, Aisland, tsibiran Faro da Girinland, har da Rasha. Majalisar masana ta ICES, wadda aka kafa a 1902 mai mazauni a Kofanhegan, ita ke faɗin adadin da ya kamata a kama. Matsalar ita ce tun wajejen 2010 ƙasashen suka kasa cimma matsaya ɗaya kan kason kowa, sai kowace ta yanka wa kanta, idan aka tara sai ya zarce shawarar masana, shekara bayan shekara. A nan ilimi bai gaza ba, rabo ne ya gagara. Shawarar ragin kashi 70 ba doka ba ce, 'yan siyasa ke yanke hukuncin ƙarshe, amma duk ragin da aka yi yana nufin kwali kaɗan a kasuwar duniya, kuma mai sayen da kuɗinsa ya fi rauni shi ake fara bari a baya. Ba daidai ba ne a ɗora wa teku duk tsadar: faɗuwar naira tun tsakiyar 2023 da kuɗin dizal na ɗakunan sanyi da motoci suna da babban kaso.

Kusa da gida kuma, a gaɓar Muritaniya da Senegal da Gambiya, masana'antu na niƙa ƙananan kifaye irin su sadin su mai da su gari da mai, a fitar waje don ciyar da kifin kiwo da dabbobi. Kifin talaka ne ake mayarwa abincin kifin mai kuɗi, kuma masu bincike sun daɗe suna cewa garkunan sun wuce kima.

Game da yarjejeniyar Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, wadda aka amince da ita a 2022 ƙarƙashin shugabancin Ngozi Okonjo-Iweala, ya kamata a fahimci iyakarta. Ta hana gwamnatoci tallafa wa jiragen da ke kamun sata, ko kamu daga garken da ya riga ya wuce kima ba tare da shirin farfaɗo da shi ba, ko kamu a tsakiyar tekun da babu mai kula da shi. Kifin teku kawai ta shafa. Ba ta taɓa kogi ko dam ko kiwon kifi ba, saboda haka ba ta hana gwamnatin Jigawa ko ta Kano raba wa masunta kwale-kwale ko raga ba.

## Fadama ba teku ba ce

A teku, babban abin da ɗan'adam ke iya juyawa shi ne yawan kamu. A kogin Haɗeja akwai abin da ya riga kamu muhimmanci, wato malalen ruwa.

Rayuwar kifin fadama na bin damina sau da ƙafa. Idan kogi ya fara cikowa, tarwaɗa da bargi da kawara da sauransu sukan bi sabon ruwa su fantsama cikin ciyawa da gonakin da ruwa ya shanye, su saka ƙwai. 'Ya'yan na samun abinci a yalwace daga ruɓaɓɓiyar ciyawa da kashin shanun da suka yi kiwon rani a wurin, suna kuma samun maɓoya. Da kaka ruwa ya fara janyewa, sai su biyo shi zuwa kogi da tafkuna, a nan masunta ke tare su. Gaiwa kuwa ta shige laka ta jira wata daminar. Robin Welcomme, masanin FAO da ya tattara bayanan kogunan Afirka a shekarun 1970, ya nuna cewa kamun shekara na bin girman malalen shekarar da ta gabata ko biyun da suka gabata. Masuntan magudanar Marma, wadda ke kai ruwa tafkin Nguru, ba su buƙaci littafi kafin su san haka ba, amma rubuta shi da alƙalami ya ba maganar nauyi a gaban injiniyoyi.

Wannan tsari ne madatsun ruwa suka sauya. An kammala dam ɗin Tiga a kan kogin Kano a 1974, na Chalawa kusa da Ƙaraye a 1992, kuma su biyun ke riƙe da mafi yawan ruwan da ke gangarowa Haɗeja. Tiga ta zo daidai da lokacin fari na shekarun 1970, na 1980 ya biyo baya, sai faɗin malalen dausayin Haɗeja da Nguru ya ragu ƙwarai. Amma ba yawan ruwan kaɗai ya sauya ba, har da lokacinsa. A da kogin kan cika da damina ya kusa ƙafewa da rani. Yanzu ana sakin ruwa da rani don noman Kadawa da na kwarin Haɗeja da kuma ruwan shan birnin Kano, sai wasu magudanai suka daina bushewa.

Kachala ta samu abin da take so. Ciyawa ce da ba ta jure doguwar bushewa, amma idan ƙasa na jiƙe shekara zagaye sai ta mamaye. Tana rage gudun ruwa, laka ta kwanta, hanya ta toshe. Da haka tsohon kogin Haɗeja da magudanar Burum Gana suka yi rauni, ruwa ya karkata zuwa Marma da tafkin Nguru, wasu garuruwa na kukan ruwa ya cinye gonakinsu, na ƙasa wajen Gashuwa na kukan bai iso ba. Ga masunci, kachala na hana kwale-kwale wucewa, tana hana shimfiɗa raga. Ga manomi, masaukin jan-baki ce. Wani abin lura shi ne, kifin da ya shige cikinta ya tsira daga raga, saboda haka raguwar kamu a wurin da ta mamaye ba lallai ya zama raguwar kifi daidai wa daida ba. Wannan ma sai an auna.

Sai gurɓata. Kogin Chalawa na karɓar ruwan masana'antun jima na Sharaɗa da Chalawa, Jakara kuma na kwashe dattin birni da na Bompai zuwa dam ɗin Wasai, kuma binciken jami'o'i ya sha gano ƙarafa masu guba irin su kuromiyam a waɗannan ruwaye. Maganin feshi da taki daga gonakin rani su ma a kogi suke ƙarewa.

## Raga ce ko ruwa?

A nan ra'ayi ya rabu, kuma kowane ɓangare na da abin kamawa.

Jami'an kifi da masana da yawa na ganin kayan aiki ne babbar cuta. Dokar kamun kifi ta ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta hana amfani da guba da nakiya da lantarki, ta kuma sa milimita 76, wato inci uku, a matsayin mafi ƙanƙantar idon raga, in ban da wasu keɓantattun kaya. A ruwa kuwa ana ganin raga mai yatsa ɗaya, ana ganin gidan sauro ya zama taru, ana ganin dumba, wato jeren gurar Mali da ake datse magudana da shi daga gaɓa zuwa gaɓa daidai lokacin da kifi ke komowa. Hujjarsu ita ce manyan kifaye masu jinkirin balaga, irin su giwan ruwa da yauni, su ke fara ɓacewa, kasuwa ta koma ta ƙananan karfasa, kuma wannan ita ce alamar da aka gani a teku kafin garkuna su rushe.

Wasu masana sun ƙalubalanci wannan. Jeppe Kolding na Jami'ar Bergen da abokan aikinsa, bayan nazarin tafkuna da fadamun kudanci da gabashin Afirka, sun ce a ruwan da ke cika yana janyewa, hawa da saukar ruwa ya fi yawan masunta tasiri a kan kamu. Sun ƙara da cewa yawancin 'ya'yan kifin fadama mutuwa za su yi idan tafki ya ƙafe ko tsuntsaye su cinye, saboda haka kama wani kaso nasu ba lallai ya cutar da garke ba, kuma dokar da ta ce a kama manya kawai tana tura kowa kan iyaye masu ƙwai. A ganinsu an kwaso dokar idon raga ne daga tekun Turai, inda ake farautar kifi iri ɗaya, aka ɗora wa ruwan da ke da iri hamsin masu girma daban-daban. Kawara ko ta tsufa ba za ta tsaya a raga mai inci uku ba.

Masu sukar wannan ra'ayi sun ce ya fi dacewa da fadamar da har yanzu ke samun malalenta. Dam kamar Tiga ko Watari ko Thomas ko Warwaɗe ya fi kama da rufaffen tafki, kuma a can yawan raga na iya cin garke. Wannan bambanci yana da ƙarfi, kuma yana nuna cewa doka ɗaya ga dam da fadama da wuya ta yi wa duka biyun daidai. Abin da babu saɓani a kansa shi ne guba. Zuba maganin ƙwari na gamalin a ruwa na kashe babba da ƙarami da ƙwai, ya kuma bi kifin har cikin miya.

Akwai ɓangare na uku da ba ya zama a taron masunta amma shi ke riƙe da famfo: masu noman rani da birni. A farkon shekarun 1990 masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokansa sun kwatanta abin da ma'aunin ruwa ɗaya ke samarwa idan aka bar shi ya malala a fadama, ta noma da su da itace, da abin da yake samarwa a aikin noman Kadawa, suka samu na fadama ya ninka sau da yawa. An daɗe ana kafa hujja da wannan wajen neman a riƙa sakin ruwa da damina don kwaikwayon malalen da, da kuma adawa da dam ɗin Kafin Zaki a kan kogin Jama'are, wanda har yau ba a kammala ba. Manomin Kura ko Bunkure zai amsa cewa shinkafa da tumatir da alkamar da yake nomawa na ciyar da miliyoyi, kuma an yi lissafin ne sama da shekaru talatin da suka wuce. Mutanen Ringim da Auyo da suka ga ambaliyar 2022 kuma ba za su ji daɗin kalmar "ƙarin ruwa da damina" ba sai an fayyace musu bambancin malale mai tsari da ambaliya.

## Wa ke da ikon cewa a dakata?

A takarda, teku ta tarayya ce: gaɓa mai tsawon kilomita 853, da haramcin jan taru na manyan jirage a cikin mil biyar na bakin gaɓa don kare masu kwale-kwale. Ruwayen cikin ƙasa kuwa jihohi ke ba da lasisi su aiwatar da doka, Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ke buɗe dam ta rufe, cibiyar kifin ruwan daɗi ta NIFFR da ke New Bussa ke bincike. Dausayin Baturiya a Kiri Kasamma yana cikin jerin Ramsar na dausayoyi masu muhimmanci a duniya tun 2008, tafkin Nguru da Marma tun 2000. Hannaye da yawa ke nan a kan ruwa ɗaya.

A bakin ruwa kuwa, wanda ake jin maganarsa shi ne sarkin ruwa da bulama ko mai unguwa. Hana su a wani gurbi har sai ranar da aka buɗe shi ga kowa tsohuwar al'ada ce, kuma ita ce ainihin abin da masana ke kira rufe wuri da rufe lokaci. Kogin Matan Fada a Argungu misali ne da kowa ya sani. Masaniya Elinor Ostrom, wadda ta samu kyautar Nobel a 2009, ta nuna cewa al'umma na iya tsare dukiyar tarayya idan an san iyakar wurin, an san masu haƙƙi, masu sa ido na cikin jama'a ne, hukunci kuma na hawa daki-daki. Sai dai tsarin gargajiya ma yana da rauninsa: inda kuɗin shiga ruwa ya zama abin nema, mai dumba da ya fi biya na iya samun magudana, mai koma ya koma gefe. A tafkin Kainji, wani aikin haɗin gwiwar Najeriya da Jamus a shekarun 1990 ya gwada haɗa biyun, ana ƙirga jirage da raga, ana auna kamu, sarakuna da masunta na cikin masu yanke shawara, har aka kai ga hana babban tarun da ake ja zuwa gaɓa.

Gana ta gwada rufe teku na wata guda ga masu kwale-kwale daga 2019. Masunta sun yi kukan abin da za su ci a watan, masana na muhawara ko wata ɗaya ya isa alhali manyan jirage na ɓarna, kuma a 2025 gwamnati ta ɗage wa ƙananan masunta dokar.

## Abin da zai iso gida

Ga mai cefane, abin da ya fi yiwuwa shi ne titus ya ci gaba da tsada, 'yan kasuwa su karkata ga shawa da kote da panla. Duk lokacin da kifin ƙanƙara ya hau, na gida ma yakan bi shi, wanda ke daɗaɗa wa masunci a yau, ya kuma jawo ƙarin raga cikin ruwa gobe. Masu kiwon tarwaɗa a kududdufin siminti ko na tamfol za su samu kasuwa. A duniya ma, a 2022 kiwo ya zarce kamu a karon farko. Sai dai abincin kifi shi ke cin mafi yawan jarin mai kiwo, kuma a cikinsa akwai garin kifin teku da waken soya da masara, saboda haka bai kuɓuta daga teku ba shi ma.

Idan jihohi suka tsananta dokar idon raga ko suka sa lokacin hutu, wanda zai fara ji a jikinsa shi ne mai ƙaramin ƙarfi, wanda raga ɗaya gare shi kuma da bashin dillali ya saye ta. Bayansa sai mata masu banda da suya da yaran da ke talla. Sauƙin da ke akwai a nan shi ne yawancin masuntan yankin manoma ne, kuma lokacin da kifi ke ƙwai ya zo daidai da lokacin da gona ke neman hannu, don haka hutun farkon damina zai fi sauƙin karɓuwa fiye da na kaka. Ƙananan kifin da ake ci da ƙashi da kai kuma su ne hanyar da gidaje marasa hali ke samun sinadaran gina jikin yara, duk dokar da ta kore su daga kasuwa tana da farashi a tukunya.

Babban giɓin shi ne na alƙaluma. Wani nazari na 2018 da ya kwatanta abin da gidaje ke ci da abin da gwamnatoci ke rubutawa a ƙasashe 42 ya gano kifin ruwan daɗi da ake kamawa ya zarce na takarda da kusan kashi 65. Abin da ba a rubuta ba ba ya shiga lissafi ranar da ake raba ruwan Tiga tsakanin birni da gonaki. Rabin aikin kuwa ya riga ya samu: hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat sun faro tun 1972, kyauta ne tun 2008, kuma da su ana iya auna faɗin malalen kowace shekara da yaɗuwar kachala daga Wudil har Nguru. Ɗaya rabin ba ya buƙatar jirgin bincike. Sikeli ne da abin awon tsawo da littafi a mashigai kaɗan da aka zaɓa, da sanda mai lamba a kafe a bakin ruwa, da mutumin gari da ake biya ya rubuta kilo nawa, wane iri, da wace raga, kwana nawa a mako. Jami'o'in Kano da Wudil da Dutse da Kafin Hausa na da ɗaliban da ke irin wannan awo don kundin kammala karatu, amma na wata shida ne ko shekara, kowa da ma'auninsa. Kafin a iya raba laifin raga da na ruwa a kogin Haɗeja, sai an samu shekaru goma ko fiye a jere, masu ruwa da marasa ruwa, an auna su da sikeli ɗaya a mashigi ɗaya.